Daga "Ba Laifi" Zuwa "Ba Dama": Ma'aunin 'Yan Kallo a Hawata

Duk wanda ya taɓa zama cikin Hausawa bayan an gama kallon fim ya san ba a watsewa nan take. Sai an yi wani zama na biyu, wanda sau da yawa yakan fi na farkon tsawo, inda kowa zai faɗi abin da ya gani, a yabi wanda ya cancanci yabo, a kushe wanda ya yi sake. A wannan zama na biyu ne ɗalibin harshe zai tsinci abin da ƙamus ba ya ba shi cikakke, wato yadda Bahaushe yake auna abu da baki. Shafukan intanet sun sabar mana da taurari biyar da maki goma, har wasu suna zaton kafin zuwansu mutane ba su da ma'auni. Alhali kuwa Hausa tana da nata tsanin yabo da suka, mai matakai da yawa, kuma kowane mataki yana ɗauke da labarin mai maganar: shekarunsa, da kunyarsa, da inda ya tashi. Wannan tsani nake so in baje wa ɗalibai, kamar yadda nake jin ana hawansa ana sauka a garinmu.

Yadda fim yake iso mana

Hawata gari ne a jihar Gadarif, a gabashin Sudan, a bakin kogin Rahad, wanda yake gangarowa daga tsaunukan Habasha da damina ya je ya haɗu da Shuɗin Nilu kusa da Wad Madani. Ƙasarmu baƙar laka ce, ta dawa da riɗi, kuma layin dogon da Turawa suka shimfiɗa a shekarun 1920 tsakanin Kasala da Gadarif da Sinnar ya ratsa ta nan. Hausawan wannan yanki jikoki ne da tattaɓa-kunnen mutanen da suka baro Sakkwato da Kano da Katsina da Haɗeja a ƙafa, mafi yawansu da niyyar hajji. Wasu sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, suka biyo ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har gaɓar Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau. Wasu sun zo daga baya, suka tsaya neman guzuri a gonakin auduga na Jazira, har wurin neman guzurin ya zama gida. Mu 'yan Sudan ne, a nan aka binne cibiyarmu, da Larabci muka yi karatu, amma a tsakar gida Hausa ake yi.

Mafi yawanmu ba mu taɓa taka Kano ba. A zamanin iyayenmu, Hausar waje da take shiga kunne ita ce ta alhazai masu wucewa da ta rediyo, musamman Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957. Daga baya finafinan Kano suka iso, na farko a kaset, sannan a faifai. A Kano ana ƙirga Turmin Danya na 1990 a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, amma mu da irin su Sangaya da Wasila muka buɗe ido, sai kuma barkwancin Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. Tsofaffin gidajen silima na biranen Sudan sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya tun bayan 1989, aka koma gidajen kallo na unguwa, waɗanda ake kira nadin mushahada da Larabcin nan: rumfa, da benci, da talabijin, da janareta, da mai agashe a bakin ƙofa. Maza ne suke zuwa can, kuma ƙwallon ƙafa ta fi cin kasuwa. Mata da tsofaffi a gida suke kallonsu, a waya, kai uku ko huɗu a kan allo ɗaya.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, jihar Gadarif ta cika da waɗanda suka gudo daga Khartum da Madani da Sinja, wuta da hanyar sadarwa kuma suka zama abin tarairaya. A Fabrairun 2024 layukan waya sun ɗauke a kusan duk ƙasar. Fim ya koma tafiya daga hannu zuwa hannu, a ƙaramin katin waya, cajin wayar ma sai an biya mai faranti na hasken rana. A irin wannan hali, tambayar "yaya fim ɗin?" tambaya ce mai nauyi. Mai tambaya yana so ya sani ko abin ya cancanci cajin da zai ƙone da wurin da zai ci a waya, kuma wanda ya yaba masa shirme sai ya amsa tambaya washegari.

Matakan tsanin

Bari mu fara daga ƙasa. Mafi munin hukunci shi ne a ce fim "shirme ne", ko "ba kai ba gindi", wato labarin bai san inda ya fito ba balle inda ya dosa. Kusa da shi akwai "ɓata lokaci ne" da kuma gajeren hukuncin nan, "bai yi ba". Wanda ba ya son ya ci fuskar masu aikin sai ya ce "an dai yi ƙoƙari". Ɗalibi ya lura da wannan jimla da kyau, domin a zahiri yabo ce, a baɗini kuwa an yabi wahalar da aka sha ne, an yi shiru game da abin da wahalar ta haifar.

Daga nan sai matakan tsakiya: "dama-dama", da "ba yabo ba fallasa", da "ba laifi". Sama da su akwai "ya yi", sannan "ya yi kyau", "ya yi ma'ana", "ya yi armashi". Idan mai magana ya shigar da kansa cikin hukuncin sai ya ce "ya burge ni" ko "ya ƙayatar da ni". A can ƙololuwa kuma akwai kalmomin da suke nuna baki ya gaza: "ba dama", "ba a magana", "sai wanda ya gani".

Akwai abubuwa uku a wannan jeri da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko shi ne aikatau "yi" idan ya tsaya shi kaɗai ba tare da karɓau ba. Muna cewa mangwaro ya yi, shayi ya yi, lokaci ya yi, wato abu ya kai inda ake jiran ya kai. Saboda haka "fim ɗin ya yi" yana nufin ya nuna kamar yadda ɗan itace yake nuna, "bai yi ba" kuma yana nufin an tsinko shi ɗanye.

Na biyu shi ne kalmar "dama", wadda take hawa tsanin ita kaɗai. "Dama-dama" yana ƙasa-ƙasa, abin da ya ɗan fi babu. "Da dama" yana tsakiya, gwargwado mai gamsarwa. "Ba dama" kuwa, wanda baƙon harshe zai ɗauka suka ce saboda korewar da ke gabansa, shi ne yabo mafi girma. Haka ma "ba a magana". Bahaushe yakan kai ƙarshen yabo ta hanyar kore ikon yin yabon.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne "ba laifi" ba shi da tsayayyen farashi. Idan saurayi ɗan shekara ashirin ya ce fim ba laifi, to bai ji daɗinsa sosai ba. Idan dattijo mai kawaici ya faɗa, bayan ya yi shiru ya gyara zama, to ya kai matuƙa, domin a tarbiyyarsa zumuɗin yabo rashin kamun kai ne, balle yabon abin da ake kira wasa. Ina da kawu wanda ban taɓa jin ya wuce "ba laifi" ba a kan komai, ko amfanin gona ko surukin kirki, kuma duk gidan mun san ranar da ya faɗe ta ranar farin ciki ce.

Ɗalibi zai kuma lura cewa yawancin kalmomin daga madafi aka aro su. Fim yana da daɗi, ko ya zama lami. Labari yana jin gishiri, ko a cika masa gishiri har ya ƙi ciwuwa. Shiri mai dogon zango yakan ginshi mutum kamar abinci mai maiƙo. Wajen kwatanci kuwa akwai wasu matakan: wannan ya "fi" wancan, ko ya "ɗara" shi kaɗan, ko ya "kai" shi, ko "bai kama ƙafarsa ba". Idan duka biyun ba su yi ba, sai a ce "gara" wannan, ko "gwamma" wannan, kalmomin da ba a amfani da su sai a zaɓi tsakanin abubuwan da ba a so.

Ƙananan kalmomi masu juya hukunci

Abin da ya fi wahalar da mai koyon Hausa shi ne 'yan ƙananan kalmomin nan da ake sakawa cikin jimla: dai, kam, fa, ma, kuwa, ai. Ba su da ma'anar da za a nuna da yatsa, amma su ne suke ɗaga hukunci ko su sauke shi. A dubi jimla guda a riguna daban-daban.

"Fim ɗin ya yi." Wannan hukunci ne kai tsaye, ba ƙari ba ragi.

"Fim ɗin dai ya yi." Akwai "amma" tana tafe, ko an faɗe ta ko an haɗiye.

"Fim ɗin kam ya yi." Mai magana ya tsaya da ƙafafunsa a kan wannan fim, ko da sauran ba su yi ba.

"Fim ɗin ya yi fa!" Abin ya zo masa da mamaki, kuma yana zuga ka ka nema.

"Fim ɗin kuwa ya yi." Wani ya yi shakka tun farko, ana mayar masa da amsa.

"Wannan ma ya yi." An riga an ba wani fim ɗin kujerar gaba, wannan yana biye.

"Ai ya yi." Magana ce da kowa ya sani, mai tambaya ne ya makara.

A ƙara da "ɗan", kamar a "ya ɗan yi", wanda yake zaftare kusan rabin yabon, da kuma dogon "to" da ake ja kafin a fara magana, wanda tsawonsa kaɗai yakan isa amsa.

Mu a Hawata muna da ƙarin tsani na biyu a jingine da na farko, wato na Larabcin Sudan. "Ma battal" ɗan'uwan "ba laifi" ne. "Samih" da "tamam" suna wajen "ya yi kyau". "Bayikh" shi ne lami. Matasa kuma idan abu ya wuce misali sai su ce "mubalaga". Yaro yakan fara hukunci da Hausa ya rufe da Larabci bai ma san ya sauya ba. Akwai kuma "film hindi", fim ɗin Indiya, wanda a bakin mutanen nan ya zama sunan duk labarin da hankali ba zai ɗauka ba, ko da a kasuwa aka ba da shi.

Finafinai uku da hukuncinsu

Cikin abubuwan da muka kalla a 'yan watannin nan, uku sun jawo zaman da ya fi kowanne tsawo.

Na farko shi ne Labarina, shirin Aminu Saira mai dogon zango wanda ya fara fita a 2020. Mun same shi a makare, zango-zango, saboda haka muna cikin rigimar Sumayya da masu nemanta lokacin da mutanen Kano suka daɗe da wucewa. Matan gidanmu da farko sun ba shi "ba dama", musamman saboda Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu, mutumin da ake tsana ana kuma jiran fitowarsa. Da tafiya ta yi nisa, aka sauya mai fitowa a matsayin Sumayya, labarin kuma ya riƙa jan ƙafa, sai hukuncin ya sauko zuwa "ya dai yi". Na tambayi goggona nata ra'ayin tun muna tsakiya, ta ce, "Kai ɗan nan, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Bari mu ga inda za su sauke mu." A ganina wannan ita ce ƙa'idar da ta dace da duk shiri mai dogon zango, domin mai ba da maki a kashi na biyar bai san abin da kashi na hamsin zai yi masa ba. Nawa hukuncin shi ne: zancen 'yan wasan ya ji gishiri, hoton ya yi tsaf, amma an ja zaren har ya kusa tsinkewa.

Na biyu fim ɗin Indiya ne, Dangal, na 2016, inda Aamir Khan ya fito a matsayin Mahavir Singh Phogat, tsohon ɗan kokawa da ya horar da 'ya'yansa mata, Geeta da Babita, har Geeta ta ci lambar zinariya a wasannin ƙasashen renon Ingila da aka yi a Delhi a 2010. Mun kalle shi da fassarar Larabci a ƙasan allo. Kawuna, wanda ya yi kokawa a ƙuruciyarsa bayan girbin dawa, ya zuba ido a kan kamu da kayarwa, ya ce waɗannan yara an koya musu da gaske, ba rawa suke yi ba. Daga nan ya ba da "ba laifi" ɗinsa mai tsada. Wani malamin makarantar allo da ke wurin ya ce shi abin da ya tsaya masa shi ne uban da ya aske wa 'ya'yansa mata gashi don cika burin kansa, kuma bai ga abin yabo a nan ba. Ƙanwata ta ce, "Allah gafarta Malam, ai shi ne uban da ya ga 'ya mace za ta iya." Aka kwashe fiye da sa'a guda ana wannan muhawara. Da za a tara ra'ayoyin nan uku a raba, da an sami wata lamba a tsakiya wadda ba ta wakiltar ko ɗaya daga cikinsu. Abin dariyar shi ne, wannan karon "film hindi" ɗin labarin mutanen gaske ne.

Na uku shi ne Wada'an Juliya, wato bankwana da Juliya, fim ɗin Muhammad Kurdufani, wanda aka nuna a bikin finafinai na Cannes a Faransa a Mayun 2023, wata guda bayan ɓarkewar yaƙi, ya kuma ci kyautar 'yanci a sashen da ya shiga. Labarin yana faruwa ne a Khartum tsakanin 2005, shekarar da John Garang ya rasu, zuwa gab da ƙuri'ar raba gardama ta 2011 da ta raba ƙasar biyu. Muna, tsohuwar mawaƙiya 'yar arewa, ta zama sanadin mutuwar wani ɗan kudu, sai ta ɗauki matarsa Juliya aikin gida ba tare da ta gaya mata gaskiya ba. Mun kalle shi tare da baƙin da suka gudo daga Khartum suka sauka a unguwarmu, suna ganin titunan da suka baro. Mu kuma Hausawa mun san tambayar nan ta "jinsak shinu?", wato kai wane iri ne, wadda ake yi wa mutumin da kakansa ma a nan aka haife shi, kuma ba mu manta da rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022 ba, wanda ya ci rayukan Hausawa da na maƙwabtansu. Da fim ɗin ya ƙare, zaman na biyu ya ƙi kankama. Wani yaro ya tambayi dattijon da ke kusa da shi, "Baba, maki nawa za ka ba shi cikin goma?" Dattijon ya ce, "Ɗana, ana ba ta'aziyya maki?" Daga baya abin da na ji mutane suna faɗa shi ne "ya tsaya mini a rai" da "Allah ya kyauta". Waɗannan ba sa kan tsanin da na jera a sama. Hausa ta ware su ne don abin da ya taɓa mutum har ya manta shi ɗan kallo ne.

Hausar wa ake aunawa?

Akwai wani ma'auni da muke da shi wanda na tabbata ɗan kallon Kano bai damu da shi kamar mu ba, wato harshen kansa. Mutumin Kano yana jin Hausar fim kamar yadda yake shaƙar iska. Mu kuwa muna sauraron ta da kunne biyu, ɗaya yana bin labari, ɗaya yana tsintar kalmomi. Kakata, wadda take kirana "maigida" bisa wasan jika da kaka, da Sakkwatancin iyayenta take magana har yau: "wanga" a maimakon wannan, "shina" a maimakon yana, "mi" a maimakon me, "hwaɗi" a maimakon faɗi. Ita ba ruwanta da kyan hoto. Idan ɗan wasa ya iya jera zance ya saka karin magana a gurbinsa, sai ta ce, "Maigida, wanga yaro shina da baki." Idan kuwa 'yan wasan suka cika "Momi" da "Dadi" da "sori", sai ta juya baya ta ce ba ta jin Turanci.

Finafinan Kano sun yi mana rana, wannan ba abin musu ba ne. Yaran da Hausarsu ta fara tsukewa zuwa gaisuwa da aike sun dawo da kalmomi irin su jarumi da nishaɗi da ƙalubale da al'ajabi. Wasu da haruffan Larabci kawai suka sani sun fara haɗa baƙaƙen boko ta hanyar karanta sunayen finafinai a waya. Uwa-uba, yaro ya ga harshen tsakar gidansu a bakin likita da alƙali da attajiri, ya gane ashe ba harshen gona da kasuwa kaɗai ba ne.

Sai dai akwai abin da yake damuna. A zaman da ake yi bayan kallo, ma'aunin yakan juyo daga fim ya hau kanmu. Na sha jin matashi yana cewa Hausar fim ita ce "ta asali", tamu gurɓatacciya ce saboda "lakin" da "ya'ani" da "khalas" da suka cika ta. Na ji yara suna kwaikwayon "wanga" ɗin kakarsu suna dariya. Wannan hukunci bai yi adalci ba. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya wallafa littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take daidaita kanta da Larabci, kuma abin da irin wannan nazari yake nunawa shi ne harshe mai rai yakan ari abin da yake buƙata daga maƙwabcinsa bisa tsari. Abin da Larabci ya yi wa Hausarmu shi Turanci ya yi wa ta Kano, har aka raɗa wa gaurayen suna Ingausa, shi kuma Faransanci ya yi wa ta Maraɗi da Damagaram. An gina daidaitacciyar Hausa a kan Kananci don rubutu da koyarwa, kuma tana da amfaninta, amma hakan bai mayar da sauran kare-karen harshe kurakurai ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Akwai kalmomi da sigogin magana a bakin tsofaffin Hawata waɗanda suka yi tafiyar shekara ɗari da wani abu daga Sakkwato, kuma idan jikokinsu suka ba su maki na ƙasa saboda ba a ji su a fim ba, to za a binne su tare da masu su.

Lamba da magana

Ba na ƙin lamba. IMDb yana tara makin mutane daga 1 zuwa 10 ya fitar da matsakaici, kuma wanda yake gaban dubban finafinan da bai san kowa a cikinsu ba yana buƙatar irin wannan jagora. Amma su kansu masu lambar ba su zauna a kan ma'auni ɗaya ba. A 2017 Netflix ya watsar da taurari biyar ya koma babban yatsa sama ko ƙasa, a 2021 kuma YouTube ya ɓoye adadin waɗanda suka nuna ƙin bidiyo. Kullum ana rage wa ɗan kallo abin da zai iya faɗa, har ya koma "e" ko "a'a".

Bambancin lamba da hukuncin baki shi ne lamba ba ta da fuska. Idan goggona ta ce fim ya yi, na san tana son labarin kishiyoyi da gado, sai in rage ko in ƙara gwargwadon nawa son. Idan abokina mai ƙaunar Ali Nuhu ya ce fim ɗinsa ba dama, na san so hana ganin laifi ne, sai in nemi bakin wani. Hukuncin baki kuma yana zuwa da dalili, domin ba wanda zai ce "bai yi ba" a cikin jama'a a ƙyale shi bai faɗi abin da ya hana shi yi ba. A nan ne ake jin tambayar da Hausawa suka fi yi wa fim: wane darasi ya koyar? Masu shirya finafinan Kano da kansu sukan ce aikinsu faɗakarwa ne da ilimantarwa da nishaɗantarwa, kuma 'yan kallo sun riƙe su a kan wannan alkawari.

Namu ma'aunin ma yana da nasa rauni. Kawaici yakan hana a faɗi gaskiya a gaban wanda ya sha wahalar kawo fim ɗin. Ƙarami yakan haɗiye ra'ayinsa idan babba ya riga shi magana. Neman darasi kuma wani lokaci yakan sa a yabi fim mai raunin aiki don kawai an yi wa'azi a ƙarshensa, a kushe mai kyan aiki don ya bar mutum da tambaya. Duk da haka, raunin da ake gani ana iya gyara shi a zaman, da wata tambayar ko wani misalin.

Ga ɗalibi

Wanda yake son ya mallaki wannan ɓangare na harshe, ga aikin da nake ba da shawara. Ya kalli fim ɗin Hausa guda, sannan ya rubuta hukuncinsa a jimla uku ba tare da lamba ba. A jimlar farko ya zaɓi mataki ɗaya daga tsanin, ya saka masa ɗaya daga cikin ƙananan kalmomin nan, dai ko kam ko fa. A ta biyu ya kawo dalili daga cikin fim ɗin, ba tare da ya tona ƙarshen labarin ga wanda bai gani ba, domin wannan ma yana cikin ladabin 'yan kallo. A ta uku ya kwatanta shi da wani fim, da "fi" ko "ɗara" ko "gara". Daga nan ya karanta wa wani wanda Hausa ce harshensa na gida, ya tambaye shi ko zai nemi fim ɗin bisa wannan shaida. Idan mai sauraron dattijo ne, ɗalibi ya buɗe kunne sosai ga yadda zai amsa, ya rubuta amsar kamar yadda ta fito, da karin harshenta da aron kalmominta, kada ya gyara ko harafi ɗaya.